Lambar Mitar Wuta a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

A garuruwan kudancin Jihar Katsina, daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja har zuwa Kafur da Malumfashi, ba a saba neman gida da lamba ba, domin kwatance ne ke kai baƙo inda za shi: a ce masa bayan masallacin Juma'a, ko daura da injin niƙa, ko a ambaci sunan dattijon da ya kafa gidan ko da ya daɗe da rigar mu gidan gaskiya. Ko a unguwannin da aka taɓa rubuta lambobi da fenti a jikin katanga, ruwan damina da sabon yaɓe sun shafe yawancinsu, kuma ba a ji wanda ya yi kewarsu ba. Amma a cikin shekarun baya-bayan nan wata lamba ta shigo gidaje da shaguna wadda ba ta karɓar kwatance ko alfarma, wato lambar mitar wutar lantarki mai alƙaluma 11 ko 13, wadda idan aka kuskure ko ɗaya daga cikin alƙalumanta ba a samun wuta ko da kuɗi na hannu. Ita ce shaida ta farko marar shubuha da gidaje da yawa suka taɓa samu a rumbun wata hukuma, sai dai ba gidan take nunawa ba, ba kuma maigidan ba. Na'urar da ke rataye a bango ko a kan falwaya kaɗai take nunawa, kuma daga wannan bambanci ne yawancin saɓanin da ake samu tsakanin jama'a da kamfanin rarraba wuta ke tasowa.

Harkar lantarki a Nijeriya ta dawo ƙarƙashin inuwa ɗaya ne da kafa hukumar ECN a 1950, sannan hukumar madatsun Kogin Kwara da aka kafa a 1962 ta gina madatsar Kainji, wadda ta fara ba da wuta a 1968, kafin a haɗe hukumomin biyu a 1972 su zama NEPA, sunan da har gobe yara ke ihu da shi a kan titi idan an kawo wuta. A wancan zamani auduga ce ƙashin bayan arzikin wannan yanki, domin layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda tun ƙarshen shekarun 1920, kamfanin Turawa na BCGA ya kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, daga baya kuma Funtuwa ta sami masaƙa da matatsar man angurya. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, ya yaɗa noman masara da takin zamani, masarar kuwa ta jawo injinan ɓarza da na niƙa a kowace unguwa, ta yadda buƙatar wuta ta sauko daga manyan masana'antu da ofisoshin gwamnati zuwa rumfunan masu ƙananan sana'o'i.

Mitar wancan zamani aba ce da ido ke iya gani tana aiki. A bayan murfin gilashi akwai siririn faifai na gorar ruwa mai baƙin ɗigo a gefensa, wanda ke juyawa a hankali idan ƙwan fitila ɗaya ne a kunne, ya ɗauki gudu idan an jona dutsen guga, a samansa kuma ga jerin ƙananan gangunan alƙaluma da ke ƙirga yunit. Yunit shi ne kilowat ɗaya na wuta da aka sha na tsawon awa ɗaya, wato abin da ƙwan fitila mai wat 100 zai ci idan ya kwana awa goma a kunne. A gindin murfin akwai hatimin darma da aka matse a kan ƙaramar waya, wanda tsinkewarsa ke nuna an buɗe mitar. Akwai kuma lambar ƙira da masana'anta ta buga a fuskar mitar, ko ta shigo daga Turai ko ta fito daga kamfanin EMCON na Zariya, amma da wuya a sami maigidan da ya taɓa karanta ta, balle ya haddace ta, domin ba ta da wani aiki a rayuwarsa. Abin da ke aiki shi ne lambar asusu da ke saman takardar bil, da kuma littafin ma'aikacin karatun mita, wanda ke zagawa wata-wata yana sallama a ƙofar gidaje. Dalilin zuwansa ne ma ya sa aka fi kafa mita a zaure, tunda baƙon namiji ba ya shiga cikin gida, kuma wannan ma'aikaci shi ne ainihin rajistar unguwar, don shi ya san wace mita ce ta gidan wane, wane ne ya tashi, wane ne ya rasu aka raba gidansa biyu.

Wannan tsari ya dogara ne kacokan a kan mutum, kuma da mutanen suka gaza sai ya rushe. Garuruwa sun yi ta faɗaɗa ba tare da mitoci sun ƙaru daidai da su ba, waɗanda suka lalace ba a sauya su ba, masu karatu suka yi kaɗan, sai hukumar ta koma rubuta bil da ƙiyasi, wato a dubi girman gida ko a raba abin da taransfomar unguwa ta sha a kan gidajen da aka sani, a aika wa kowa nasa. Ga mutanen da suka tashi a kasuwannin hatsi irin na Ɗandume da Bakori, inda ba a rabuwa da kuɗi sai an ga tiya ta cika an share bakinta, bil ɗin ƙiyasi ciniki ne ba tare da mudu ba, wanda mai sayarwa ne kaɗai ke faɗin abin da ya auna. Ga kuma rashin jituwar lokaci, domin bil na zuwa kowane wata, kuɗin manomi kuwa na zuwa ne da kaka, don haka bashi kan taru a watannin bazara da damina, har ranar da ma'aikata za su iso da tsani su sauke waya daga falwaya su naɗe ta su tafi da ita. Masu kewar wancan zamani kan tuna cewa ana iya roƙon ma'aikaci ya ɗaga ƙafa zuwa bayan girbi, kuma gaskiya ne, sai dai ƙofar da sassauci ke shigowa ta cikinta ita ce kuma ƙofar na-goro, wanda ya fi sanin ma'aikaci ya biya kaɗan, aka ɗora gibin a kan wanda bai san kowa ba.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta mai da NEPA kamfanin PHCN, ta kafa hukumar NERC mai sa ido da tsara farashi, sannan a ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa goma daga cikin kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa, inda jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Kamfanin da ke sayen wuta da bashi daga masu samar da ita ba zai iya rataya kuɗin shigarsa a kan ƙwaƙwalwar ma'aikaci ɗaya ba, yana bukatar sanin kowane mai amfani da wuta ta wata alama da kwamfuta za ta iya riƙewa, kuma a nan ne mitar iya-kuɗinka-iya-shagalinka ta sami gurbi. Tsarin da wannan mita ke bi, wanda ake kira STS, ba a Nijeriya aka ƙirƙiro shi ba. Kamfanin Eskom na Afirka ta Kudu ne ya assasa shi a 1993, lokacin da ake kai wuta unguwannin baƙaƙen fata da mulkin wariyar launin fata ya bari cikin duhu, ana neman hanyar da tokin, wato lambar loda wuta, da aka saya a kowane shago zai yi aiki a kan mitar kowace masana'anta. Daga baya tsarin ya zama ƙa'idar duniya mai lamba IEC 62055-41, kuma ita mitocin Conlog da Hexing da Mojec da Momas da ake gani a bangayen Funtuwa suke bi.

Lambar mita a wannan tsari ba jerin alƙaluma ba ce da aka zuba haka kawai, kashi uku gare ta. A lamba mai alƙaluma 11, biyun farko suna nuna masana'antar da ta ƙera mitar, takwas ɗin da ke biye su ne lambar ƙirarta a wannan masana'anta, na ƙarshe kuma alƙalamin tantancewa ne. Da masana'antu suka yi yawa har gurbi biyu ya kasa ɗaukarsu, sai aka faɗaɗa shi zuwa huɗu, abin da ya haifar da lamba mai alƙaluma 13. Saboda haka ne mitocin da aka kafa a layi ɗaya a lokaci ɗaya sukan fara da alƙaluma iri ɗaya, har maƙwabta su yi zaton lambar unguwarsu ce, alhali kuwa babu komai a cikinta da ke nuna Funtuwa ko Malumfashi ko ma Nijeriya. Alƙalamin tantancewar ana fitar da shi ne da lissafin da Hans Peter Luhn, injiniyan kamfanin IBM, ya ƙirƙiro a shekarun 1950, wanda kuma shi ake amfani da shi a katunan banki: ana ɗaukar alƙaluman da suka gabace shi, a fara daga na ƙarshe a riƙa ninka ɗaya ana tsallake ɗaya, duk wanda ninkinsa ya haura 9 a cire masa 9, a tara su duka, sai a nemo abin da za a ƙara wa jimlar ta ƙare da sifili. Amfanin wannan lissafi shi ne, idan mai saye ya kuskure alƙalami ɗaya, ko ya juya biyu da ke jere, kusan kullum kwamfuta za ta ƙi karɓar lambar tun kafin a cire kuɗi. Abin da lissafin ba ya iya kamawa shi ne lambar da take daidai amma ta wani ce, kamar idan aka aiki yaro da tsohuwar takardar maƙwabci, ko mai shago biyu ya ba da lambar wannan a madadin wancan.

Idan hakan ta faru babu yadda za a yi a loda tokin a wata mitar, kuma dalilin yana cikin yadda ake haɗa shi. Tokin lamba ce mai alƙaluma 20 da ke ɗauke da adadin yunit ɗin da aka saya, da lokacin da aka fitar da ita, da wasu alƙaluman tantancewa, duka an juya su da mabuɗin sirri, wato wata lamba da ke ɓoye a cikin mitar wadda ba ta bayyana a allo. Wannan mabuɗi ana samar da shi ne daga haɗuwar babban mabuɗin kamfani da lambar ita mitar, tare da lambar rukuni mai alƙaluma shida da ke nuna kamfanin rarrabawar, da lambar ajin farashi, da lambar bugun mabuɗin, saboda haka babu mitoci biyu da ke da mabuɗi ɗaya. Mitar ba ta buƙatar intanet ko layin waya don ta gane tokinta, tana warware shi ne da kanta, ta ƙara yunit, ta ajiye shaidar lokacinsa don kada a sake loda shi. Wannan ita ce hikimar tsarin ga yanki irin wannan, inda sabis ɗin waya ke zuwa yana ɗaukewa, har ma aka taɓa rufe shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi da dama na Katsina a 2021 saboda matsalar tsaro. Matuƙar an samo alƙaluman 20, ko a takarda ne, mitar za ta karɓa.

A rumfar mai POS ake ganin yadda wannan ya sauya hulɗa. Mai saye kan zo da lambar a rubuce a bayan tsohon rasit, ko a ajiye cikin wayarsa a jerin sunayen abokai da sunan "Mita gida" ko "Mita shago", ya karanto ta bibbiyu ko uku-uku, mai rumfa ya danna, sai suna da adireshi su bayyana a allo, ya karanta da ƙarfi ya jira a amsa masa da "shi ne" kafin ya ci gaba. Sau da yawa sunan da ke fitowa na kakan mai sayen ne, ko na wanda ya sayar da gidan shekaru da suka wuce, kuma ba wanda ke damuwa tunda wuta za ta zo. Rasit ɗin da na'urar ke fitarwa rubutunsa kan dushe idan ya kwana biyu a aljihu cikin zafin bazara, shi ya sa masu lura ke ɗaukar hotonsa nan take. A jikinsa kuma ake ganin abin da ya fi jawo gardama, wato naira dubu biyar da ta ba da yunit kaza a watan jiya ta ba da ƙasa da haka yau, domin ban da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da ake cirewa kullum, an kuma cire wani kaso na tsohon bashin da aka jingina wa asusun. Mai rumfa ba shi da hannu a cikin wannan, amma shi ake gani, shi kuma ke shan faɗan.

Bambancin lambar mita da lambar asusu shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ta farko tana bin na'ura, ta biyu kuma tana bin yarjejeniyar da ke tsakanin kamfani da mai amfani da wuta a wani wuri. Idan tsawa ta ƙone mita aka kawo sabuwa, lambar mita ta sauya ke nan, tsohuwar ta mutu, kuma yunit ɗin da ya rage a cikinta ba ya tsallakowa da kansa sai an bi ta ofis, amma asusun na nan da sunansa da bashinsa. Wasu ƙasashe sun raba wannan gardama ta hanyar ba wa mahaɗar wutar kanta lamba ta dindindin: a Ingila akwai lambar MPAN, wadda jigonta alƙaluma 13 ne, a Faransa kuma akwai mai alƙaluma 14, kuma dukansu suna nan daram ko an sauya mita ko ɗan haya ko kamfanin da ake sayen wuta a hannunsa. A Nijeriya kuwa lambar da jama'a suka sani suka haddace ita ce mafi saurin sauyawa, wadda ta fi ɗorewa kuma, wato ta asusu, ita ce ba a kula da ita. Sakamakon haka na bayyana ne a gidajen haya na cikin Funtuwa, inda ɗan haya ya biya kuɗin mita daga aljihunsa, ranar tashi ya so ya cire ta ya tafi da ita, alhali ƙa'ida ba ta yarda a ɗauke mita daga inda aka yi mata rajista ba sai da amincewar kamfani. Wanda ya shigo bayansa kuma, in bai bincika asusun ba tun kafin ya biya haya, sai ya tarar ana zare masa bashin da bai ci ba. A gidajen gado ma haka abin yake, domin alƙali na iya raba ɗakuna da fili tsakanin magada, amma mita ɗaya ce da suna ɗaya, kuma rabon yunit tsakanin sassa uku, wannan da firji wancan da fitila biyu, ya sha haɗa 'yan'uwa rigimar da rabon gidan kansa bai haɗa su ba.

Ga masu sana'a lamarin ya fi nauyi. Mai cajin waya ko mai aski na iya wadatuwa da mita mai layi ɗaya, amma mai injin casar shinkafa ko mai walda ko mai haɗa ƙanƙara na bukatar mai layi uku, manyan masana'antu kuma, irin su gidajen gurza da kamfanonin ruwan leda masu taransfomar kansu, ana sa su a ajin masu jan wuta mai yawa, inda wutar ba ta bi ta cikin mitar kai tsaye ba, ana rage ta ne ta wata na'ura a auna kaɗan, sannan a ninka abin da allo ya nuna da wani adadi da ke rubuce a asusun. Kuskure a wannan adadi kaɗai na iya ninka bil ko ya rage shi, ba tare da mitar ta yi laifin komai ba. Tun daga 2020 kuma aka ƙara wata igiya a jikin lambar, lokacin da NERC ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da ya kamata su samu a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Rukunin ba na mutum ba ne, na layin da ke ciyar da taransfomarsa ne, daga cikin layukan da ke fitowa daga tasha irin ta Funtuwa, wadda ke kan babban layi mai kilobolt 132 da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau. Da farko bambancin farashin bai taka kara ya karya ba, amma a ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga yunit na rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, aka bar sauran inda suke, ko da yake an ɗan rage shi daga baya. Daga ranar, layin da aka rubuta a gaban lambar mita a rumbun kamfani ya zama abin da ke iya sa masu injin niƙa biyu da titi ɗaya ya raba su biya farashin da ya ninka juna kusan sau uku, kuma wannan bayani ba ya jikin mitar, ba ya cikin alƙalumanta, mai ita ba ya ganinsa sai a rasit. A nan ne raunin tsarin yake: awon ya zama na gaskiya, amma rajistar da ke fassara awon zuwa kuɗi tana hannun ɓangare ɗaya.

Shekarar 2024 ta kuma koya wa jama'a cewa akwai agogo a cikin mitarsu. Shaidar lokacin da ke cikin kowane tokin ƙirga ce ta mintuna tun daga 1 ga Janairun 1993, gurbin da aka ware mata kuma ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216, wato shekara 31 da kusan wata 11, waɗanda suka cika a ranar 24 ga Nuwamban 2024. Da an bar abin haka, ƙirgar za ta koma sifili, mitoci su ɗauki kowane sabon tokin a matsayin tsoho su ƙi shi, ba a Nijeriya kaɗai ba, har a Afirka ta Kudu da Kenya da duk inda ake bin wannan tsari. Maganin shi ne a ba kowace mita tokin biyu na sauya mabuɗi, kowanne mai alƙaluma 20, a loda su a jere kafin tokin wuta, su mai da mafarin ƙirgar zuwa 2014, abin da ya tura matsalar zuwa 2045. Kyauta ne bisa umarnin NERC, yunit ɗin da ke cikin mita bai salwanta ba, sai dai duk tokin da aka saya a baya ba a loda ba ya tashi aiki. Tunda lambar mita ce kaɗai hanyar karɓar waɗannan tokin, mutane da yawa a lokacin ne suka fara haska fuskar mitarsu da tocila suna neman ta, waɗanda tasu ke can saman falwaya kuma suka koyi fito da ita a allon ƙaramin madannin da ke cikin ɗaki. Aikin ya zo a mummunan lokaci ga Arewa, domin a ƙarshen Oktoban shekarar akasarin jihohinta sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya sami matsala, mita kuwa ba ta karɓar tokin sai da wuta a layi.

Duk wannan bayani ya shafi waɗanda suka mallaki lambar ne, alhali da yawa ba su da ita. Alƙaluman NERC na ƙarshen 2024 sun nuna masu rajista a ƙasar sun haura miliyan 13, kuma waɗanda ke da mita ba su kai rabi ba, duk da shirye-shiryen da aka yi ta jerawa: CAPMI a 2013, MAP a 2018, inda mai buƙata ke biyan kuɗin mita a mai da masa da yunit a hankali, da shirin raba mitoci kyauta na 2020 da Babban Bankin Nijeriya ya ba da rancen kuɗinsa. A ƙauyuka da yawa har yanzu jama'a ne ke karo-karo su gyara taransfoma idan ta ƙone, ko da yake ƙa'idar hukumar ta ce wannan nauyin kamfani ne, kuma kuɗin wuta a wurare irin waɗannan kan bi ta hannun kwamitin gari, wanda ke bi gida-gida yana tarawa. Umarnin NERC na Fabrairun 2020 ya ƙayyade iyakar yunit ɗin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, gwargwadon abin da masu mita a layinsa ke sha, amma cin moriyar wannan umarni na bukatar mutum ya san lambar asusunsa da sunan layinsa, ya kai ƙorafi a rubuce ga sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfani, in bai gamsu ba ya wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC da ke Katsina, daga nan kuma sai hedikwatar hukumar a Abuja. Manomin da bai taɓa riƙe takardar bil da sunansa ba ba shi da abin da zai rubuta a layin farko na wannan takarda. Akwai kuma masu gudun mitar da gangan, musamman masu injina da suka lissafa cewa ƙiyasi ya fi musu sauƙi, da masu zagaye ta da waya ta bayan silin, waɗanda sabuwar mita kan tona musu asiri ta hanyar kulle kanta idan an buɗe murfinta, sai an karɓo tokin buɗewa daga ofis.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya sa janareta ya gagari masu ƙaramin ƙarfi, wani sashe na jama'ar yankin ya fara neman wuta a wajen layin kamfani gaba ɗaya. Manoman rani da dama a fadamun Ɗanja da Kafur sun koma famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, waɗanda ba su da asusu a ofishin kowa, shaguna da gidajen masu hali kuma sun ɗora faifan sola a kan rufi, suna barin mitar bango ta yi makonni ba a loda mata komai ba. Masu ƙaramin hali kuwa suna ɗaukar ƙananan na'urorin sola na biya-kaɗan-kaɗan, waɗanda kamfanoninsu suka ari dabarar nan ta mita: kowace na'ura da lambarta, ana biyan kuɗin mako ko na wata, a turo wasu alƙaluma ta waya a danna, in ba a biya ba ta kulle kanta. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumomin sa ido na kansu su tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, kuma duk jihar da ta karɓi wannan nauyi za ta gaji rajistar masu amfani da wuta yadda take, da sunayen mamatan da ke cikinta, da mitocin da aka ɗauke daga inda aka rubuta su, da garuruwan da ba a taɓa ƙirga gidajensu ɗaya bayan ɗaya ba.